Manhajar Injin Leza: Abin da Mai Fara Koyo Zai Sani

Injin leza inji ne da ke yanka ko ƙona zane da haske mai ƙarfi a kan katako, fata, kwali da akirilik, wato robar nan mai kama da gilashi. Shi ake yin lambar yabo, maƙalin makulli da allon suna da shi. Amma injin bai san komai ba sai abin da manhaja ta gaya masa, kuma a nan sabon shiga ke asarar kuɗi.

Aikin kashi biyu ne. Akwai manhajar zane, kamar CorelDRAW da masu ɗab'i na Shomolu a Legas suka saba da ita, ko Inkscape wadda kyauta ce. Sai manhajar da ke tuƙa injin. Ita wannan ba son ranka ke zaɓar ta ba, ƙwaƙwalwar da ke cikin injin ce ke zaɓa. Ƙananan injuna masu shuɗin haske yawanci GRBL suke amfani da shi, kuma LaserGRBL na tuƙa su kyauta, amma a Windows kawai. Manyan injunan CO2 masu ƙwaƙwalwar Ruida suna zuwa da RDWorks. LightBurn tana aiki da duka biyun, ta kuɗi ce, sai dai suna ba da kwana 30 na gwaji. A ganina ita ta fi sauƙin koyo. Kafin ka biya kuɗin inji, tambayi mai sayarwa sunan ƙwaƙwalwarsa. In ya fara kame-kame, to ka dakata.

Yanka yana buƙatar zanen layi, irin fayil ɗin SVG ko DXF, domin layin injin ke bi. Hoton JPG ko PNG ƙona shi kawai ake yi, layi bayan layi, kuma yana cin lokaci.

Saiti uku ne ginshiƙi: gudu, ƙarfi, da sau nawa hasken zai bi ta wuri ɗaya. Gudu kaɗan da ƙarfi mai yawa yana yankewa, gudu sosai da ƙarfi kaɗan yana zane a sama. Lura da ma'auni fa: ƙananan injuna galibi milimita a minti suke lissafi, manya kuma milimita a daƙiƙa. Bambancin ninki 60 ne, don haka kwafo lambar wani daga YouTube ba tare da dubawa ba zai iya babbake maka katako. LightBurn na da wurin gwajin kaya, inda take ƙona ƙananan murabba'ai da saiti daban-daban. Yi wannan a kan guntun da ya rage, ka rubuta wanda ya yi kyau a littafi. Kuma kafin ka kunna hasken, danna Frame, kan injin ya zagaya iyakar zanen ka ga ko ya zauna daidai.

Maganar fata kuwa, mu da muka tashi cikin harkar shanu ya kamata mu kula. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana karɓar zane da kyau. Wadda aka jeme da sinadarin kurom ba a so a ƙona ta. Fatar roba ta PVC, irin ta kujeru da jakunkuna masu araha, in ta ƙone tana fitar da iska mai kulorin, mai cutar da huhu, mai sa ƙarfen injin tsatsa. Manhaja ba za ta gargaɗe ka ba. Ƙaramin inji mai shuɗin haske kuma ba ya yanka akirilik garai-garai, hasken wucewa yake ta ciki, sai CO2. A saka tabarau na tsaro, a fitar da hayaƙi waje, kuma kar a bar inji yana yanka a tafi sallah, domin katako na kamawa da wuta.