Gwangwanin Kaka: Tarihin Ƙasa Cikin Tsofaffin Sulalla

Bayan sadakar arba'in ta kakata, Allah Ya jiƙanta, aka buɗe fantimotinta domin rabon gado. A ƙarƙashin zannuwanta aka tarar da wani tsohon gwangwanin madara mai nauyi, wanda tsatsa ta liƙe murfinsa. Da aka ɓanɓare shi sai ga sulalla fal, wasu sun yi baƙi, wasu sun yi kore. Kawuna ya yi dariya ya ce wannan ba ya shiga lissafin gado, a ajiye wa 'yan gwangwan su auna a kilo. Ni kuwa na tuna yadda take zaro mini ɗaya ina yaro tana cewa, "Maigida, ga kuɗin cefane." Na ce, "Kawu, don Allah a bar mini." Ya ce, "Ɗauka, in ka sami kasuwar da ake karɓarsu ka sayo mana goro."

Da farko don kewa na riƙe gwangwanin, ban san darasi na ɗauko ba. Wata Asabar na shimfiɗa tabarma na juye shi, na ware masu huda gefe guda, marasa huda gefe guda, sannan na jera kowane kashi bisa shekarar da ke jikinsa. Kafin la'asar sai ga tarihin ƙasar nan na kusan shekara ɗari shimfiɗe a gabana.

Abin da ya fi tsufa a ciki ba ƙarfe ba ne. Wasu wuri ne guda bakwai ƙulle a tsumma. Binciken da na yi a kansu ya nuna mini cewa kalmar “kuɗi” ita kanta jam'in “wuri” ce. Daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya ake kwaso mafi yawansu, su ratso teku da hamada kafin su iso kasuwanninmu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Ke nan mai sayen doki sai ya nemi masu dakon kuɗinsa, kuma ƙirga wuri sana'a ce mai zaman kanta.

Daga wuri sai aninai. Turawa sun fara buga anini, wato kashi ɗaya cikin goma na kwabo, a 1907, domin su sami ƙaramin kuɗin da zai ture wuri a cinikin yau da kullum. Na farkon da sanholo aka yi shi, amma bai jure ba, sai aka sauya ƙarfen a 1908. A jikinsa akwai tauraro mai tsini shida, da huda a tsakiya wadda ake zura igiya, da kuma rubutun Larabci mai faɗin darajarsa. Wannan rubutu ya daɗe yana ba ni tunani. Shaida ce cewa mai mulkin mallaka ya tarar da mutanen da suka iya karatu, har ta kai dole ya yi musu magana da haruffan da suka sani kafin su amince da kuɗinsa.

Sai dai amincewar ba ta zo da daɗin rai kaɗai ba. Da aka ce da kuɗin Bature za a biya haraji, manomi ba shi da zaɓi illa ya noma abin da Bature ke saye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, a shekarar kuma aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta riƙa buga kuɗi iri ɗaya ga Nijeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Sule mai hoton bishiyar kwakwa da na tsinta a gwangwanin, da shi ake ciniki a Kurmi, da shi ake yi a Kumasi. Fataken goro ba su buƙatar canji a hanya.

Wanda ya fi faranta mini rai shi ne wani kwabo na 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas. Wannan sarki ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun shekarar, ya yi murabus a Disamba. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ga jama'a ba. A nan kuwa, da yake kuɗinmu masu huda ba su ɗaukar hoton sarki sai sunansa, an buga an rarraba. Na ɗauka na tsinci dukiya, daga baya na gane an buga irinsa da yawa, ba wani tsada yake da shi ba. Ban yi baƙin ciki ba. A ranar na fahimci cewa wanda ya shiga wannan harka don neman riba zai gaji da wuri, amma mai neman labari ba ya rasa abin samu.

Sulallan 1959 su ne na farko da Babban Bankin Nijeriya ya fitar, shekara guda kafin samun 'yanci. Suna ɗauke da sunan Tarayyar Nijeriya, amma har lokacin sunan Sarauniya Elizabeth na kansu, alamar ƙasa mai shirin tsayawa da ƙafarta. Ranar 1 ga Janairu, 1973, aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Duk wanda ya dubi bayan sulallan wannan shekara zai ga abin da ƙasar ke taƙama da shi: auduga a rabin kwabo, rijiyoyin mai a kwabo ɗaya, koko a kwabo biyar, kwakwa a kwabo goma, dalar gyaɗa a kwabo ashirin da biyar. Abin lura shi ne man fetur ƙaramin gurbi aka ba shi, gyaɗa ta sami mafi girma. Cikin 'yan shekaru al'amarin ya juye, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, ta saura a jikin kwandala kawai.

Ƙarshen jerin shi ne naira ɗaya ta 1991 mai hoton Herbert Macaulay, da naira biyu ta 2007 mai ƙarfe kala biyu. Waɗannan ko tsufa ba su yi ba, domin tsadar kaya ta kashe su tun suna sababbi. A yau yaro zai gama firamare bai taɓa sayen alewa da kwandala ba. Amma harshe bai manta ba. Har gobe muna cewa ba mu da ko sisin kwabo, ko wane bai ba da ko anini ba, dattawa kuma na kiran naira ɗari biyu jaka, domin ita ce fam ɗari ta da. Muna furta sunayen abubuwan da yawancinmu ba mu taɓa gani ba.

Abin da ya sa na ga wajibi in rubuta wannan shi ne, irin gwangwanin kakata na nan a gidaje da yawa, a ƙarƙashin gado, a cikin adudu, a tsohon asusu, kuma kullum ana auna su a kilo ana narkarwa. Fara adana su ba ya cin ko kwabo. A nemi izinin mai su, a ware su bisa shekara. Kada a goge su da toka ko lemun tsami, domin gugar tana cinye rubutu. Ni kaina na ɓata taro biyu kafin na koyi wannan. A sa kowanne cikin 'yar takardarsa, a ajiye inda babu danshi. Mafi muhimmanci, a tambayi tsofaffi tun suna raye: me ake saye da wannan, nawa ne sadakinki, nawa aka biya haraji? A rubuta amsar a littafi.

Nan ne na yi sake. Sulallan sun gaya mini sunayen sarakunan Ingila da shekarunsu, amma ba su iya gaya mini dalilin da ya sa kakata ta ƙulle wuri bakwai a tsumma ta adana har ƙarshen rayuwarta. Wadda ta san amsar ta zauna kusa da ni shekara ashirin, ban tambaya ba. Kawuna, da ya ga littafin da nake rubutawa, ya daina dariya. Ya ɗauki sisi guda ya daɗe yana juya shi a tafin hannunsa, sannan ya ce, "Ɗana, ɗauko alƙalaminka. Irin wannan aka ba ni ranar da aka kai ni makaranta."