Jagorar Umarnin da Babu Shi: Tarihin Shafukan Barkwanci na Unix

Daga cikin al'adun da suka tsiro a tsakanin masu sana'ar kwamfuta a Amurka da Turai a shekarun 1980 da 1990, akwai wata da littattafan tarihin fasaha ba su cika kula ta ba, wato al'adar rubuta shafin jagora na bogi domin bayyana umarnin da babu shi a kowace na'ura. Abin da ake nufi da umarni a nan shi ne gajeriyar kalmar da mutum yake bugawa a madannai domin kwamfuta ta aikata wani abu, kamar kwafar fayil ko share shi, shafin jagora kuwa shi ne takardar da ke bayyana yadda ake amfani da wannan kalma. Masu wannan barkwanci sukan ɗauki wani al'amari na rayuwar ɗan Adam, kamar haihuwa ko tunani ko fushin ma'aikaci, su rubuta shi da siga da lafazin takardar fasaha ba tare da sun saki fuska ko sau ɗaya ba, kuma a wannan ɗaure fuskar ne dariyar take.

Ba za a fahimci kwaikwayon ba sai an san abin da ake kwaikwaya. An fara gina Unix, wanda babbar manhaja ce mai tafiyar da dukkan ayyukan kwamfuta, a shekarar 1969 a ɗakunan bincike na Bell Labs da ke Murray Hill a jihar New Jersey, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie. Bugun farko na littafin jagorarsa yana ɗauke da kwanan wata 3 ga Nuwamba 1971, kuma sun rubuta shi ne bisa matsin lambar shugaban sashensu, Doug McIlroy. Tun daga wannan bugu aka kafa sigar da ta wanzu har yau: kowane umarni yana da shafinsa, kowane shafi kuma yana bin jerin kanun da ba ya sauyawa, daga suna da bayanin layi guda, zuwa taƙaitaccen tsarin yadda ake buga umarnin, zuwa cikakken bayani, sannan fayilolin da abin ya shafa, da sauran shafukan da ya kamata a duba, da saƙonnin da na'ura take fitarwa idan an yi kuskure. An kuma kasa littafin zuwa sassa masu lamba, inda sashe na 1 yake na umarnin yau da kullum, na 8 ya zama na masu kula da na'ura, na 6 kuma daga baya ya zama na wasanni, shi ya sa ake rubuta sunan umarni tare da lambar sashensa a cikin baka biyu. Duk wanda yake son karanta shafi, sai ya buga kalmar man tare da sunan umarnin, shafin ya bayyana a gabansa.

Kan da ya fi kowane muhimmanci ga wannan tarihi shi ne wanda yake zuwa kusa da ƙarshen shafi, mai suna BUGS, wato aibobi, inda marubucin manhaja yake faɗin inda aikinsa ya gaza. Wannan abu ne da kamfanin da ke neman kasuwa ba zai so ya buga ba, amma mutanen Bell Labs 'yan uwansu masu bincike suke rubuta wa, ba masu saye ba. McIlroy ya ba da labari daga baya cewa duk lokacin da za a fitar da sabon bugu, sai a ga mutane sun duƙufa gyaran manhajojinsu, domin kunyar rubuta aibin a takarda ta fi wahalar gyara shi. Da yake wannan sashe wuri ne na faɗin gaskiya, nan ne kuma aka fara samun sararin yin raha a cikin shafukan gaske. Misalin da ya fi shahara yana cikin shafin tunefs na Unix ɗin Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda aka rufe sashen aibobi da wani wasan kalmomi a kan kifin tuna, sannan aka ɓoye gargaɗi a cikin asalin rubutun fayil ɗin, inda mai karatu na yau da kullum ba ya gani, cewa duk wanda ya cire wannan layi aljanin Unix zai bi sawunsa har ranar da agogon na'ura zai cika ya koma farko. A tsofaffin na'urorin Unix, wannan rana ita ce 19 ga Janairu 2038.

Daga raha a cikin shafin gaske zuwa shafin da gaba ɗayansa raha ne, tazarar ba ta da yawa, abin da ya rage kawai shi ne hanyar yaɗawa, ita kuma ta samu da kafuwar Usenet. Wannan tsari ne na musayar saƙonni tsakanin kwamfutocin jami'o'i da kamfanoni ta layin tarho, wanda Tom Truscott da Jim Ellis na Jami'ar Duke suka ƙirƙiro a 1979, kuma an kasa shi zuwa zauruka bisa maudu'i. Rubutu zalla yake ɗauka, babu hoto babu ado, shafin jagora kuwa rubutu ne zalla mai faɗin da ya dace da allon wancan zamani, don haka ya shige ciki ba tare da an sauya masa komai ba. Mai karatu a Boston ko Amsterdam da ya ga suna da lamba a kusurwoyin sama biyu, da kanu da manyan baƙaƙe a gefen hagu, ya riga ya san irin takardar da ke gabansa kafin ya karanta kalma ɗaya.

Shafin baby, wato jariri, yana nuna yadda gwanayen abin suke aiki. A Unix, kusan kowane shiri da ke gudana a cikin na'ura wani shirin ne ya haife shi, kuma injiniyoyi da kansu suna kiran wanda ya haifa mahaifi, wanda aka haifa kuma ɗa, don haka marubucin bai ƙirƙiro wata sabuwar kalma ba, mayar da kalmomin ya yi inda aka aro su. Shafin ya bayyana jariri a matsayin umarnin da ke samar da sabon shiri daga iyaye biyu, wanda yake gudana a hankali na kimanin mako 40 kafin ya kammala da ɗora wa na'ura nauyi mai yawa, kuma yake buƙatar a sa masa ido dare da rana idan ya kusa ƙarewa. Har ma ya bambanta yadda abin yake a Unix ɗin Berkeley da yadda yake a na kamfanin AT&T, kamar yadda shafukan gaske na lokacin suke yi ga kowane ƙaramin abu, saboda rabuwar da ke tsakanin gidajen biyu ta addabi duk mai rubuta manhaja. Akwai kuma wasu shafukan a kan mu'amalar maza da mata waɗanda batsarsu ta fi hikimarsu yawa, kuma wasu daga cikinsu sun yi shekaru ana rarraba su tare da manhajar rubutu ta GNU Emacs. Mafi kyawunsu shi ne mafi gajarta, na zaman gwauranci, wanda bayaninsa duka bai wuce cewa umarnin ba ya yin wani abin da ya isa a ambata ba.

Wani rukunin kuma suka ne a kan sana'ar kanta. Umarnin echo aikinsa ɗaya ne, ya maimaita abin da aka buga masa, amma an daɗe ana jayayya a kan ko ya kamata ya sauka sabon layi bayan ya gama, har McIlroy ya rubuta wata 'yar tatsuniya a kan rigimar, wadda Brian Kernighan da Rob Pike suka saka a littafinsu na 1984. Aƙidar mutanen Bell Labs ita ce kowace manhaja ta yi abu ɗaya ta kuma yi shi da kyau, suna ganin mutanen Berkeley, da na GNU bayansu, sun cika manhajoji da zaɓuɓɓuka, wato ƙananan haruffan da ake ƙara wa umarni bayan karan ɗori domin a sauya halinsa. Sai wani ya rubuta shafin echo na bogi mai ɗauke da doguwar jerangiyar zaɓuɓɓuka marasa kan gado ga umarnin da bai buƙaci ko biyu ba. Abin lura shi ne masu GNU ɗin da ake yi wa shaguɓe su ne suka adana shafin a cikin Emacs, suka rarraba shi ga duniya.

Rukunin da ya fi daraja ga mai nazarin tarihin aiki shi ne wanda ya fito daga zauren alt.sysadmin.recovery, matattarar masu kula da na'urori, wato ma'aikatan da ke tabbatar da cewa kwamfutocin jami'a ko na kamfani suna aiki, waɗanda ba a tunawa da su sai abu ya lalace. Sunan zauren kansa ba'a ne, domin ya ɗauki sana'ar a matsayin cutar da ake murmurewa daga gare ta. Shafin sysadmin ya bayyana ma'aikacin a matsayin umarnin da ke da alhakin duk wani abu da hankali zai iya kawowa, ko ya shafi na'ura ko bai shafe ta ba, wanda sai an riƙa ɗura masa kofi da cakulan kafin ya yi aiki daidai, ba ya jure hasken rana, kuma ba a yarda ya sami rayuwa tasa ta kansa ba. Shafin lart ya bayyana wani makami na gyara halin mai amfani da kwamfuta da ya ƙi karanta jagora, har da zaɓin da ke ba ma'aikaci damar tantance irin makamin da zai ɗauka, shafin think kuma ya yi wa mutane albishir cewa ba sai sun yi tunani ba tunda kwamfuta za ta yi musu. Wannan ɗaci yana da dalili a tarihi. A da, sababbin shiga Usenet sukan zo ne a watan Satumba idan jami'o'i sun buɗe, a koya musu ladabin wurin a cikin 'yan makonni, amma daga 1993 zuwa 1994, lokacin da kamfanoni irin su AOL suka buɗe wa jama'a ƙofa, kwararar ta daina tsayawa, har tsofaffin hannu suka laƙaba wa zamanin Satumba marar ƙarewa. A daidai wannan lokaci ne labaran Simon Travaglia na ƙasar New Zealand, a kan wani mugun mai kula da na'ura da ke azabtar da masu kiransa neman taimako, suka yi tashe. Akwai girman kai a cikin waɗannan shafuka, da raina wanda bai sani ba, kuma ba daidai ba ne a wanke su daga wannan. Amma sun adana bayanin yanayin aikin, da kiran tsakar dare da zargin da ba a cancanta ba, fiye da yadda takardun kamfanoni suka adana.

Mai karatu Bahaushe zai gane dabarar idan ya tuna 'yan kama, waɗanda suke ɗaukar murya da tsayuwa da ƙa'idar malami ko mawaƙi su cika ta da zancen tuwo da miya, kuma ba mai yin dariya sai wanda ya san asalin abin da ake kwaikwaya. Haka shafin bogi yake, ya zama jarrabawar shiga ƙungiya: wanda bai taɓa kwana yana neman ma'anar wani zaɓi a shafin gaske ba, ba zai ga abin dariya a na ƙarya ba. Wannan ne ma ya sa yawancin shafukan ba su da tabbataccen marubuci, domin kwafa ake yi daga na'ura zuwa na'ura, kowa ya ƙara zaɓi ko ya gyara aibi, kamar yadda ake yi wa manhajar gaske.

Tarihin ya ɗauki wani salo lokacin da Debian, tsarin Linux da Ian Murdock ya kafa a 1993, ya tattara shafukan cikin ƙunshi biyu, funny-manpages da asr-manpages, waɗanda a lokacin mutum yake iya girkawa kamar kowace manhaja. Daga nan shafin ƙarya ya koma zama a ma'ajiya ɗaya da na gaske, umarnin man ɗaya ne yake buɗe su, kuma da yake wasu sun ari sunayen umarnin gaske kamar date da rm da echo, sai aka ƙara wa lambar sashensu kalmar fun domin kada wanda ke neman taimako da gaske ya faɗa kan ba'a. Iyakar da ke tsakanin wasa da aiki dama ba ta taɓa yin ƙarfi a wannan sana'a ba. Takardar ƙa'idar intanet mai lamba 1149, wadda David Waitzman ya fitar ranar 1 ga Afrilu 1990 a kan aika bayanai ta hanyar tattabaru, wasa ce, amma a 2001 wasu masu sha'awar Linux a birnin Bergen na ƙasar Norway suka aiwatar da ita da tattabarun gaske. Toyoda Masashi na Japan ma ya rubuta umarnin sl na gaske, wanda ke tura jirgin ƙasa ya ratsa allo idan mutum ya yi kuskuren juya haruffan umarnin ls, ya kuma yi masa shafin jagora yadda ya kamata.

Al'adar ta ja baya bayan da mutane suka koma neman amsa a intanet maimakon buɗe shafin jagora, sannan sana'ar ta faɗaɗa ta ɗauki mutanen da ba su ga dalilin da zai sa a girka musu batsa ko zagin masu amfani a na'urar ofis ba. Na'urorin ma sun daina zama wurin da mutum ne kaɗai ke karanta abin da ya fito a allo. A 2011 an saka wata 'yar raha a cikin manhajar man ta Linux, ta yadda idan aka buga umarnin shi kaɗai da ƙarfe 12:30 na dare sai ya fitar da kalmomi daga sunan wata waƙar ƙungiyar ABBA. Shekara shida tana nan ba ta dami kowa ba, sai a 2017 wani injiniya ya yi ƙorafin cewa gwajin da na'urarsa take yi da kanta yana faɗuwa a daidai wannan lokaci na dare ba tare da wani dalili da ya bayyana ba, mai kula da manhajar, Colin Watson, wanda shi ne ya saka ta, ya cire ta.