Warin Fata Da Garin Turare

Fata abu ce mai riƙo. In aka rataye rigar yadi da rigar fata a ɗakin girki, aka soya kifi da albasa, aka jefa daddawa a miya, kashegari dukansu biyu za su tashi da ƙarni da ƙaurin hayaƙi. Ta yadi maganinta ba wuya, sai ruwa da sabulu, a shanya a rana. Ta fata kuwa ba ta son ruwa, ba ta son rana. In aka jiƙa ta sharkaf aka shanya, sai ta ƙandare ta tsattsage, a yi hasarar kuɗi masu yawa. Wannan damuwa ba yau ta fara ba. Mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna fama da warin fata, har faman nan nasu ya haifi wata babbar sana'a a ƙasar Faransa. Labarin ya isa a ji, domin a cikinsa akwai magani.

Da farko sai mu san dalilin riƙon nan. Fata ba a shafe take ba kamar kwano. Saƙa ce ta waɗansu zaruruwa sirara ƙwarai, tsakaninsu akwai ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Bayan wannan kuma majemi yakan shafa mata mai don ta yi laushi. To, yawancin abubuwan da ke sa abinci ƙanshi ko wari cikin mai suke narkewa. Sa'ad da ake suya, tururin mai yakan tashi tare da hayaƙi ya sauka kan riga, ya shige kafofin, ya haɗu da man da ke ciki ya zauna. In ya daɗe sai ya lalace, warin ya ƙaru. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Ga misalin da ya nuna iyakar riƙon fata. A shekarar 1786 wani jirgin ruwa mai suna Metta Catharina ya taso daga Rasha ɗauke da fatu, za shi Italiya. Hadari ya same shi kusa da Filimat a Ingila, ya nutse. Mutanen Rasha da man ɓawon wani itace na ƙasashen sanyi suke gyara fatarsu, mai ne mai ƙanshin hayaƙi. A 1973 masu nutso suka gano jirgin kwance cikin laka. Da aka fito da fatun, bayan shekara 187 a ƙarƙashin teku, aka tarar ana iya ɗinka takalma da jakunkuna da su, ƙanshin man nan kuwa bai rabu da su ba.

A zamanin dā warin da ya fi damun mutane shi ne na jimar kanta. Wanda ya taɓa ratsa unguwar majema a Kano ko Sakkwato, inda ake jeme fatar awaki da bagaruwa, ya san abin da ake nufi. A Turai ma haka yake, ko ya fi. Da farar ƙasa ake tuje gashi, da kashin kare ko na tantabara ake tausasa fata, waɗansu fatun kuma da man kifi ake murza su. Saboda haka a garuruwa da yawa akan tura majema bakin gari, ta wajen da ruwan kogi ke fita.

A kudancin Faransa, ba nisa da Bahar Rum, akwai wani gari a jikin dutse wanda ake rubuta sunansa Grasse, ana faɗinsa Giras. Garin yana da idanun ruwa masu yawa, don haka tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce jima ta zama sana'ar mutanensa. Fatarsu ta yi suna, suna ciniki da biranen Italiya. Amma fa garin da fatar duka wari suke yi.

Cikin ƙarni na 16 safar hannu ta fata ta zama adon sarakuna da attajirai. Abin da ke hannu kuwa kullum yana kusa da hanci, ga shi ba a iya wanke ta. Mutanen Sifen da Italiya su suka riga kowa sa mata turare, da almiski da ambar da jibda. A 1533 wata 'yar babban gida ta birnin Fulorans, Katarina ta gidan Medici, ta auri ɗan Sarkin Faransa, daga baya ta zama sarauniya. Ita ake dangantawa da yaɗa safa mai turare a fadar Faransa. Daga fada abin ya bazu, har a 1614 Sarki Luwi na 13 ya yarda wa masu ɗinkin safa su ɗauki sunan masu safa da turare gaba ɗaya.

Mutanen Giras suka ga hanya ta buɗe. Ƙasarsu tana da rana da ruwa, furanni suna yi sosai. Suka shiga noman wardi da yasmin da lemo mai ɗaci saboda furensa, suna turara fatunsu da su. Yadda ake aikin an rubuta shi a wani littafi na wani mai turare, Simon Barbe, wanda aka buga a 1693. Abin lura a ciki shi ne ba a fara da turare. Sai an tsabtace fatar tukuna, an ɗauraye ta da ruwa mai kyau da ruwan furanni, ta sha iska ta bushe, warin jima ya fita. Sa'an nan a jera ta cikin akwati, shimfiɗar fure, shimfiɗar fata, a rufe. Kafin furen ya yi yaushi a kwashe shi a zuba sabo, haka kwana da kwanaki, har fatar ta sha ƙanshi. Sun gane cewa turare a kan wari ba ya kashe wari, sai dai su haɗu su zama wani abu da ya fi na dā muni.

Daga nan suka ƙara gane wani abu. In mai da ke jikin fata shi ke kama ƙanshi, ashe ana iya kama ƙanshin ba tare da fatar ba. Sai suka riƙa shafa kitse mai tsabta a kan faranti, suna jera fure a kai, suna sakewa kullum har kitsen ya ƙoshi, kana a tatso turaren daga cikinsa. Watau halin nan na mai, wanda ke manna ƙarnin kifi a jikin riga, shi suka mayar abin neman arziki.

A 1724 masu safa da turare na Giras suka ware daga majema suka tsaya da ƙafarsu. A 1759 gwamnati ta ɗora wa fata haraji mai nauyi, yayin safa mai turare kuma ya soma wucewa. Jima ta yi ta ja da baya har ta mutu a garin, turare ya tsaya shi kaɗai. Garin da aka sani da ɗoyi ya zama cibiyar turare ta duniya. A 2018 hukumar UNESCO ta sa gwanintar turare ta ƙasar Giras cikin jerin al'adun da ya kamata 'yan Adam su adana.

Ita jima kuma ta sake kama. A 1884 wani mutum a Amurka, Augustus Schultz, ya yi rajistar hanyar jima da gishirin wani ƙarfe mai suna kurom. Aikin da yakan ci watanni ya koma na 'yan kwanaki, fata ta yi laushi da araha. Cikin ƙarni na 20 rigar fata ta zama ta matuƙa jirgin sama da mahaya babur, daga baya ta kowa. Warin jima ya ragu, amma riƙon fata yana nan, sai ya koma kan hayaƙin murhu da man suya.

Maganin kuwa bai sāke ba daga wanda mutanen Giras suka sani: a fid da warin tukuna. A goge rigar ciki da waje da tsumma mai ɗan danshi, domin a ɗauke man da ya sauka a kai. In akwai tabon mai, a barbaɗa garin sitaci ko na alli, a bar shi ya kwana ya tsotse, a kakkaɓe. A rataye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a kai ta rana ko bakin wuta. In warin ya ƙi, a sa ta cikin kwali tare da gawayi ƙulle a ƙyalle, ko garin soda na masu gasa burodi a buɗaɗɗen kwano, a rufe kwana biyu ko uku, a sake sabo in da bukata. Dabarar akwatin fure ke nan aka juya, can fata ke sha, nan gawayi ke sha. Kada a ƙulle fata cikin leda, don danshi zai sa ta yi fumfuna. Sau da yawa ma shafin yadi na ciki shi ya fi riƙe warin, sai a kula da shi. Haka za a yi wa jaka da buzu da gafaka.

Aikin yana son haƙuri, gama abin da ya shiga a hankali a hankali yake fita. Wanda ya fi duka sauƙi shi ne a tuɓe rigar a rataye ta nesa kafin a ɗora tukunya. Rigakafi ya fi magani.