Yadda Batir Ya Kai Lantarki Ƙauyukan Gobir

Wutar lantarki ta shiga yawancin ƙauyukan Sabon Birni da Isa a cikin batir, tun kafin a kafa turken waya ko ɗaya a bakin hanyoyinsu. An gama madatsar ruwan Kainji a 1968, aka kafa hukumar NEPA a 1972, amma layukan wuta sun fara bin manyan birane ne da hedikwatocin mulki, suka bar garuruwan bakin iyaka a baya. Inda layin ya isa daga baya ma, wutar ba ta zama abin dogaro ba. Saboda haka mutumin gabashin Sakkwato ya saba da lantarki a matsayin abin da ake saye a kasuwa, a ɗauko a kan babur ko jaki, a yi tattalinsa har ya ƙare.

Yanayin zaman ƙasar ya taimaka wajen haka. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Gobirawa sun watsu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wani Bagobiri mai suna Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni a gaɓar gulbin Rima. Abin da ya biyo baya shi ne ƙasa mai ƙananan garuruwa da tungaye barbaje a bakin fadama, da rugagen Fulani masu tashi da sauka, da masunta, da manoman rani da ke kwana a bukka kusa da albasarsu. Ja wa irin wannan zama waya yana da tsada ƙwarai, kuma ba a ja wa mai ƙaura waya ko kaɗan.

Kafin batir, hasken dare na aci-balbal ne da man gyaɗa ko man shanu, daga baya fitilar ƙwai da kananzir. Lantarkin farko da mutanen karkara da dama suka gani na majigi ne, motar gwamnati da ke zuwa da injinta ta haska fim a fili, gari na wayewa ta tafi da wutarta. Wanda ya zo ya zauna shi ne busasshen batir na tocila da rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, kuma ƙaramar rediyo mai cin batir ta sa duk waɗannan suka shiga zaure da gona da ruga. Batir ya hau teburin mai tireda tare da ashana da sabulu. An san Berec, daga baya aka san Tiger Head na ƙasar Sin mai hoton kan damisa, wanda araharsa ta sa ya mamaye kasuwa. Kowane ɗaya bolt ɗaya da rabi yake bayarwa, ana jera biyu ko huɗu ko shida gwargwadon na'ura. Mutane sun ƙware wajen tatsar ragowarsa: a shanya shi a rana, a ɗan daddaƙa shi, a cire shi daga rikoda mai cin wuta a mayar da shi rediyo, daga nan ya koma tocila. Dabarar shanyawa tana da tushe, domin zafi yana ɗan zaburar da sinadarin da ke ciki, ko da yake ƙarfin da ake samu ba ya daɗewa.

Babban sauyi ya zo ne da batirin mota. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irinsa a 1859, da farantan dalma a cikin ruwan asid, kuma fifikonsa shi ne ana sake cika shi idan ya sauka. Gidaje shida ne a cikinsa, kowanne bolt biyu, jimla goma sha biyu. Da motoci suka yawaita a hanyoyin Sakkwato, Shinkafi da Maraɗi a shekarun 1970 da 1980, tsofaffin batura suka fara sauka daga mota suna shiga gida. Da su aka riƙa kunna lasifikar masallaci da ta wa'azi, da amsa-kuwwar maroƙa a wurin biki, da ta masu tallar magani a ranar kasuwa. Da su kuma aka kunna talabijin baƙi-da-fari mai karɓar bolt goma sha biyu kai tsaye, ba tare da wata na'ura a tsakani ba. Idan batir ya sauka sai a ɗaure shi a bayan keke ko babur a kai shi gari wurin mai caji, ko a roƙi direba ya ɗora shi a motarsa ya yi tafiyar yini da shi.

A nan ne aka koyi darasin da har yau ake biyan kuɗinsa. An ƙera batirin mota ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan ya tayar da inji, daga nan injin ya mayar masa da abin da ya fita. Farantansa sirara ne. Idan aka riƙa zuƙe shi har ƙasa kowane dare, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantan, ya hana su karɓar caji, cikin 'yan watanni batir ya mutu. Zafi ma maƙiyinsa ne: a ƙa'idar masu ƙira, duk ƙarin kimanin digiri goma a kan ashirin da biyar yana rage kusan rabin kwanansa, ga shi kuwa bazarar wannan yanki tana wuce digiri arba'in daga Maris zuwa Mayu. Ruwan da ke ciki yana ƙonewa, kuma wanda ya ƙara masa ruwan rijiya maimakon tataccen ruwan batir ya gaggauta ƙarshensa. Masu gyaran batir na bakin tasha sun rayu a kan wannan matsala, suna fasa gidan da ya mutu su canja farantai su liƙe.

Wayar salula, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2001 ta kuma bazu zuwa karkara cikin shekarun da suka biyo, ta mayar da caji sana'a. Rumfar mai caji ta zama sananniya a kowace kasuwa: allo mai jerin soket, ƙaramin janareta yana ruri a baya, lamba a manne a bayan kowace waya. Bukatar wayar kaɗan ce, amma ta kullum ce, kuma ta shafi kowa, har makiyayin da ke can cikin daji yana son jin farashin shanu. A wannan zamani ne inbata ta yaɗu, wato na'urar da ke juya wutar batir mai bolt goma sha biyu ta koma irin ta soket mai bolt 230. Da ita ake iya kunna duk abin da aka ƙera don wutar NEPA.  Sai dai inbata tana cin rabonta, kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari yana tafiya a zafi, kuma ko ba a jona komai ba tana shan wuta muddin tana kunne. Lissafin a bayyane yake. Batir mai amfiya ɗari yana riƙe kimanin wat 1,200 na awa guda, amma rabi kawai ya kamata a taɓa idan ana son ya yi kwana. Wannan rabin zai riƙe ƙwan fitila na zamani da fanka ƙarama har asuba, ya cika wayoyi da dama, amma dutsen guga ko hita za su shanye shi kafin awa ta cika. Shi ya sa gogaggun masu haɗa wuta ke ba mutumin ƙauye shawarar sayen fanka da talabijin da fitilu masu aiki da bolt goma sha biyu kai tsaye, a bar inbata sai ga abin da ya zama dole. Shawara ce mai kyau, ko da yake mai saye yakan fi sha'awar ganin soket a bango.

Farantin sola shi ya raba batir da tafiya gari. Farashinsa ya faɗi ƙwarai a duniya bayan 2010 saboda yawan abin da masana'antun Sin ke fitarwa, ya shigo ta Kano da Legas da kuma kasuwannin Nijar. Yanzu ana ganinsa a kan rufin shago, a jingine da danga, har a kan kayan jaki idan Fulani sun tashi. Ƙasar tana da rana isasshiya, illa ƙurar hunturu da ke rufe fuskar farantin, wadda sai an riƙa goge ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne jona faranti da batir kai tsaye don gudun kuɗin kwantirola, ƙaramar na'urar da ke tsayar da caji idan batir ya cika, ta kuma yanke wuta kafin ya zube. Kuɗin da aka yi tsiminsa a nan yakan fita ninki-ninki wajen sayen sabon batir.

Rashin tsaron da ya addabi gabashin Sakkwato ya ƙara wa wannan tsari nauyi ta hanya mai ɗaci. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi, wasu suka taru a cikin garin Sabon Birni da Isa, kuma ga wanda ya bar gidansa, waya mai caji ita ce hanyar sanin inda 'yan'uwa suke da halin da hanya ke ciki. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi goma sha huɗu na jihar Sakkwato, har da waɗannan biyun, aka kuma takaita sayar da fetur a jarka. Janareta ya yi shiru a wurare da yawa, mutanen bakin iyaka suka koma neman layukan Nijar, masu sola suka ci gaba da caji. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙarasa abin da ya rage, domin kuɗin lita ya ninka, rumfunan caji da dama suka ga faranti da batir sun fi musu sauƙi.

Batirin da ke shigowa yanzu na litiyam ne, mara nauyi, wanda ake iya zuƙe mafi yawan abin da ke cikinsa, kuma yana jure caji sau dubbai. Tsadarsa ta sa har yanzu na dalma ne a hannun talaka, sau da yawa ma na hannu. Wannan ya bar wata matsala da ba a cika magana a kai ba. Mataccen batir yana da kuɗi saboda dalmar da ke ciki, 'yan gwangwan suna saye, wasu kuma suna fasa shi a tsakar gida su zubar da ruwan a ƙasa su narka dalmar a kan wuta. Ƙurarta da hayaƙinta guba ne, musamman ga ƙananan yara. Jihar Zamfara mai maƙwabtaka ta ga aikin wannan guba a 2010, lokacin da dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da ɗari huɗu a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalmar batir iri ɗaya ce da waccan, don haka wurin fasa shi ya kamata ya yi nisa da gida da rijiya da inda yara ke wasa.