Gishirin Toka da Daddawar Batso a Ƙasar Bibemi

Bibemi tana gabas da Garwa, kusa da kogin Mayo Kebi, a arewacin Kamaru. Ƙasa ce mai dawa da kifi, amma gishiri ba ya fita a cikinta. Tun zamanin dā daga nesa yake zuwa. Na Bilma raƙuma ke ɗauko shi cikin hamada, fatake su biyo da shi ta Barno tare da kanwa, kafin ya iso Binuwai kuwa ya zama abincin sarakuna da attajirai. Bature mai yawo Heinrich Barth, wanda ya ƙetare Binuwai a 1851, ya lura da ƙarancin gishiri a Adamawa.

To, talaka fa? Matarsa ta koma ga toka. Bayan girbi sai ta tara karan dawa ko na gero ta ƙone. Ta zuba tokar cikin tukunyar da aka huda gindinta, ta shimfiɗa ciyawa a ƙasa domin tacewa, ta riƙa zuba ruwa kaɗan kaɗan yana ɗiga cikin wani kasko. Ruwan nan ana iya sa shi a miya haka nan, ko a dafa shi har ya ƙafe ya bar gari mai toka-toka. Fulani suna kiransa cukkuri. Yana da ɗan ɗaci, baƙo ba ya sonsa da fari, amma yana nuna ganye da wake da sauri, yana kashe tsamin yakuwa, wato yana yin aikin gishiri da na kanwa gaba ɗaya. Shi ya sa bai ɓace ba ko da gishirin Turawa ya shigo.

Wannan kuwa ta ruwa ya zo. Jiragen kamfani suna hawowa Binuwai daga Najeriya har Garwa, amma sai da damina, 'yan watanni kaɗan da ruwa ya cika. Da yaƙin Biyafara ya tashi a 1967 hanyar ta yanke, tashar Garwa ba ta sāke komawa kamar dā ba. Mutanen da suka san gishirin fatake, mai haɗe da ƙasa, wanda in ruwa ya taɓa shi sai ɗanɗanon ya zube a bar turɓaya, ba su bukaci dogon bayani a kan Matiyu 5:13 ba.

Haka ma daddawa. Ta ainihi da kalwa ake yinta, 'ya'yan ɗorowa, amma ɗorowa ba ta wadata ko'ina ba. Inda babu ita mata suka ɗauki gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, su dafa shi yini guda, su rufe shi ya ruɓa kwanaki, su daka su shanya. Hausawa suna ce mata daddawar batso, a arewacin Kamaru mbuja. A shekarun 1970 gwamnati ta buɗe ƙasar arewa maso gabashin Binuwai ga manoma daga can arewa mai nisa, Tupuri da Mafa da Giziga da sauransu, Kirista da yawa a cikinsu. Da majami'unsu suka zo, da mbujarsu kuma.

Ɗunƙulen Maggi ya so ya ture su duka. Amma a Janairu 1994 aka rage darajar sefa da rabi, kayan kanti suka yi tsada, gidaje da dama suka sāke neman abin da kakanni suka sani.

Sai dai akwai abu guda da toka ba ta iya bayarwa ba, wato aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, yana kuma hana ƙwaƙwalwar jariri girma sosai. A 1991 Kamaru ta kafa doka a riƙa sa aidin cikin gishirin sayarwa. Daga lokacin ma'aikatan asibiti suka riƙa roƙon mata, musamman masu ciki, su sa gishirin kanti a miya.