Yadda Turawa Suka Sami Daura Uku

Sa'ad da Turawa suka iso ƙasar Hausa, a farkon ƙarni na ashirin, ba Daura ɗaya suka tarar ba, uku ce. Akwai Sarkin Daura Bafilatani a cikin birni, akwai wani Sarkin Daura a Zango, ga kuma na uku a Ɓaure. Kowannensu da fadawansa da tamburansa, kowa kuwa cewa ya ke yi shi ne magajin Bawo ko mai riƙe da gadonsa. Wanda duk ya ke so ya gane abin da zuwan Turawa ya yi wa wannan ƙasa, daga nan ya kamata ya fara.

Asalin rabuwar kuwa jihadi ne. Wajen shekarar 1805 Malam Isiyaku, wanda ya karɓo tuta daga wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa ya yi arewa. Ba su bar sarautarsu a baya ba, da ita suka tafi. Suka yi ta sake mazauni daga wannan gari zuwa wancan, har daga baya zuriyar ta rabu, wani reshe ya zauna Zango, wani ya zauna Ɓaure. Amma mai gudun hijira ba ya rasa ubangida. Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai a zamanin Sarki Tanimu, mai bindigogi da igwa, sarakunan nan na Haɓe kuwa suka koma ƙarƙashin inuwarta. Birnin Daura yana kai gaisuwa Sakkwato, 'yan'uwansa na arewa suna duban Damagaram, talakawan da ke tsakani su ne abin hari, yau a kwashe musu shanu, gobe a kama musu 'ya'ya. Haka aka zauna kusan shekara ɗari.

To, bari mu ɗan bar Daura mu ƙetare teku, don abin da ya faru a nan ya riga ya faru a wani wuri tun shekaru ɗari huɗu kafin haka, kuma idan an jera su za a fi ganin kamanninsu da bambancinsu. Cikin shekarar 1492 wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Kolumbus, yana aiki wa sarakunan Sifen, ya yi yamma yana neman hanyar Indiya, sai ya faɗa kan tsibiran Amurka. Ya zaci Indiya ya isa, shi ya sa ya kira mutanen wurin Indiyawa, sunan kuwa ya bi su. Shekara biyu bayan haka, watau 1494, Sifen da Fotugal suka zauna a wani gari Tordesilas, suka ja layi a kan taswira daga arewa zuwa kudu, suka ce abin da ke yamma na Sifen ne, na gabas na Fotugal. Ba su san tsawon ƙasar da suka raba ba, balle sunan masu ita.

Yadda aka ci manyan daulolin Amurka shi ne abin lura. Kortes ya sauka Meksiko cikin 1519 da mutum wajen ɗari biyar. Ɗari biyar ba sa cin daula. Abin da ya samu shi ne mutanen Tilaskala, waɗanda suka daɗe suna gaba da sarakunan Aztek. Da fari sun yaƙe shi, daga baya suka ga ga gatarin da za su sare maƙiyinsu da shi, suka bi shi dubu-dubu, har babban birnin Aztek ya faɗi cikin 1521. A Peru kuma Pizaro ya iso cikin 1532 da mutane ba su kai ɗari biyu ba, ya tarar 'ya'yan sarki biyu, Atahuwalfa da Huwaskar, sun gama yaƙin basasa a kan gadon ubansu. Ya kama wanda ya ci, ya karɓi fansar zinariya, ya kashe shi duk da haka, sa'an nan ya naɗa wani ɗan gidan don a riƙa mulki da sunansa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu komo gida. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 shi ya shimfiɗa ƙa'idar yadda ƙasashen Turai za su riƙa kama ƙasa a Afirka ba tare da sun yaƙi juna ba. Cikin 1890 Ingila da Faransa suka ja nasu layin, daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. A lokacin nan babu sojan Ingila ko ɗaya a Kano ko Katsina ko Daura. Abin da Ingila ta dogara da shi takardun alkawari ne da Kamfanin Neja ya ce ya samu daga Sakkwato da Gwandu cikin 1885. Aka sake gyara layin cikin 1898.

Faransawa ne suka fara isowa kusa da Daura, kuma da wuta suka iso. Cikin 1898 aka kashe hafsansu Kazamaju a Damagaram. Shekara ta gaba rundunar Bule da Shanuwan ta ratso ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa, ta gwabza da Sarauniya a Lugu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Ɓarnar ta kai har Faransa ta aiko Kanar Kulob ya tsai da su, suka harbe shi, su ma sojojinsu suka kashe su cikin 'yan kwanaki. Sauran rundunar ta ci gaba, ta karya mayaƙan Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan Yuli na 1899, ba da daɗewa ba aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Da faɗuwar Damagaram, inuwar da Zango da Ɓaure ke ciki ta gushe.

Ingilishi kuwa sun biyo ta kudu. Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga hannun Ingila. Ran 3 ga Fabrairu 1903 aka ci Kano, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Rundunar da ta yi wannan aiki ba ta kai mutum dubu ba, Turawan cikinta 'yan ƙalilan ne, sauran duk baƙaƙe ne, da yawansu Hausawa. Sakkwato ta faɗi a tsakiyar Maris, Katsina ta miƙa wuya ba yaƙi, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin Yuli. A Sakkwato Lugga ya bayyana wa manyan gari hujjarsa ƙarara. Ya ce Fulani da takobi suka sami mulki, yanzu an ci su, saboda haka ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon haraji da na ƙasa, sun koma hannun Gwamna, amma ba za a taɓa addini ba.

Wannan ikon naɗi da tuɓewa shi ya juya tarihin Daura. Shekarar 1906 ta zo wa Turawa da tsoro. Mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka tashi da gatura da fartanya suka kashe Turawa uku da sojojinsu, aka rama da share garin ƙaf. Aka yaƙi Haɗejiya aka kashe sarkinta. A Katsina aka tuɓe Sarki Yero, Mista Fama ya tsaya aka ba Durɓi Muhammadu Dikko, wanda ba daga gidan Dallazawa ya fito ba. A Daura kuma aka sauke Murnai, sarki na ƙarshe daga gidan Malam Isiyaku. Kafin shekarar nan ta fita, Malam Musa, wanda ke sarauta a Zango, ya shiga birnin kakanninsa yana Sarkin Daura, aka haɗa masa birni da abin da ya faɗo wa Ingila na ƙasar Zango da Ɓaure.

Mai karatu ya lura, ba a yi wa kowa irin wannan ba. Haɓen Zazzau suna Abuja, ba a maishe su Zariya ba. Kabawa suna Argungu, ba a ba su Birnin Kabi ba. Katsinawan Maraɗi sun zauna a hannun Faransa suna hangen Katsina daga nesa. Daura kaɗai ce aka ɗauko gidan da jihadi ya kora aka mai da shi kan gadonsa. Ga mutanen gidan, da mutane da yawa da ba su daina kallonsu a matsayin masu ƙasa ba, wannan ranar farin ciki ce, kuma ba wanda zai ce ba su da haƙƙi. Gidan da ake jingina wa rijiyar Kusugu da labarin Bayajida ya koma wurinsa. Amma a ganina ba don ƙaunar tarihi Turawa suka yi haka ba. Sarkin da ya san hannun da ya ɗora shi ya fi sauƙin bi da wanda ya gaji tuta daga Sakkwato. Ga shi kuma Daura a bakin iyaka ta ke, sarkin da mutanen ƙetaren iyaka ke girmamawa abin so ne ga mai neman jama'a ta zauna a gefensa ta biya masa haraji. Mutanen Tilaskala ma an bar musu sarakunansu, an ba su wasu gata saboda taimakon da suka yi, amma a ƙarƙashin Sifen suka ci gatan.

Abin da aka ba Malam Musa kuwa ba Daura ta dā ba ce, yankakkiya ce. Faransawa sun yi ta kukan cewa layin 1898 ya bar su da hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Da Ingila da Faransa suka shirya cikin Afrilu 1904, aka sake matso da layin kudu a wurare da dama, aka ƙara daidaita shi cikin 1906. Daga 1906 zuwa 1908 hafsoshi biyu, Tilo na Faransa da Oshi na Ingila, suka bi daji suna kafa alamomi. Layin ya ratsa tsakiyar ƙasar da sarakunan Haɓen Daura suka yi zaman hijira a cikinta. 'Yardaji ta zama Nijeriya, Yekuwa maƙwabciyarta ta zama ƙasar Faransi, alhali kuwa dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya su ke ci, aure su ke yi tsakaninsu. Wani Ba'amurke mai bincike, Wiliyam Mayils, ya zauna a garuruwan nan biyu, ya rubuta littafi a kansu cikin 1994, ya nuna yadda layin nan ya sa suka bambanta a sha'anin sarauta da makaranta da shari'a.

Bambancin ya fara tun daga shekarar da aka naɗa Malam Musa. A cikin 1906 ɗin nan Faransawa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da ƙulla makirci, suka tuɓe shi suka kore shi daga ƙasar, suka ɗora wani bawan fada a kan gari. Su Faransawa sarki a wurinsu ɗan aike ne, Kwamanda shi ne mai gari, ga aikin tilas da kamun soja. Ingilishi kuwa suka bar sarki da alkalinsa da dogaransa, suka kafa baitulmali da En'e, Razdan yana bayan labule yana ba da abin da su ke kira shawara, wadda ba a ƙin ta. Talaka ya gane wannan da wuri. Idan nauyi ya yi yawa a wancan gefe, sai ya kwashi iyalinsa da dare ya ƙetaro.

Inda labarin Daura ya rabu da na Amurka wuri biyu ne, kuma manya ne. Na fari cuta. Mutanen Amurka ba su taɓa sanin agana da ƙyanda ba, da Turawa suka kawo su sai suka yi ta mutuwa gari-gari. Mutanen tsibirin Hisfaniyola, inda Kolumbus ya fara kafa zango, kusan sun ƙare cikin shekara hamsin, tsakanin cuta da aikin haƙar zinariya. Wannan ne ma ya sa aka juyo Afirka neman bayi. A nan kuwa cuta ta gefenmu ta tsaya, zazzaɓin cizon sauro ya sa Bature bai ga ƙasar nan wurin zama da iyali ba. Na biyu ƙasa. A Amurka baƙi sun zo su zauna ne, suka rarraba gonaki da mutanen da ke kansu. A Arewa dokar ƙasa ta 1910 ta sa ƙasa duk a hannun Gwamna, a riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa, ba a sayar wa baƙo. Manomin Sandamu ko Mai'aduwa bai rasa gonarsa ba. Abin da ya same shi haraji ne da kuɗin Bature, wanda ya tura shi noman gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Gyaɗar nan kuwa, ita da masara da rogo da barkono, duk daga Amurka asalinsu ya ke, jiragen da suka kai bayi can su ne irin waɗanda suka kawo su gaɓar Afirka.

Malam Musa bai daɗe a kan gado ba, ya rasu cikin 1911. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi, ya yi shekara 55 yana sarauta. A zamaninsa aka cire Daura daga Lardin Kano aka haɗa ta da Katsina cikin 1934, kuma yana kan gado Turawan duka biyu suka tafi, Faransa ran 3 ga Agusta 1960, Ingila ran 1 ga Oktoba. Bayan rasuwarsa cikin 1966 aka naɗa Muhammadu Bashar, shi ma daga gidan. Layin Tilo da Oshi kuwa ba a taɓa shi ba. Wanda ya fita Daura ya nufi Damagaram, a Kwangwalam zai tsaya a duba takardunsa.