Harsashin da Ya Ƙi Zama

A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya narka dalma ya zuba ƙwayar harsashinsa a gida, duk wanda ya daɗe cikin wannan aiki ya taɓa tura sakatar bindiga ta cije masa. Harsashi ya shiga, saura ƙiris ya zauna, sai ya ƙi. Mu masu zubi gadon wannan matsala muka yi, kuma mun san mafarinta.

A zamanin baƙin albarushi ba a cika kuka da ita ba. Dalmar mai laushi ce, ko da ƙwayar ta ɗan sirance, bugun albarushi zai kumbura ta ta cike bututu. Wannan duniyar John Barlow ya tarar sa'ad da ya kafa kamfanin Ideal a New Haven a 1884, yana sayar da mazubai da kayan ɗura harsashi. Gwanayen harbin saiti na wancan zamanin ma kauce wa rigimar suka yi: su cusa ƙwayar cikin bututu ita kaɗai, sannan su biyo ta da kwanso.

Albarushi marar hayaƙi ne ya sauya komai. Bindigogi irin .30-06 ta 1906 an yanka mazauninsu ne don ƙwaya mai rigar jan ƙarfe, mai kaurin inci .308. Ita kuwa dalma, in ba ta kai .309 zuwa .311 ba, iskar wuta za ta bi gefenta ta shafe bututu da dalma. Wannan ɗan ƙarin, wanda bai wuce kaurin gashi ba, shi ke buɗa wuyan kwanso har ya matse a mazauni. Wani lokaci wuyan lafiya lau yake, hancin ƙwayar ne ya tokari tsagar bututu, domin dalmar da aka ƙara wa antimoni takan fito daga mazubi da kauri fiye da zalla. Akwai kuma bakin kwanson da aka buɗa ba a mayar ba, ko aka matse da ƙarfi har kafaɗarsa ta kumbura.

Kamfanin Lyman, wanda ya sayi Ideal a 1925, ya fito da mabuɗin wuyan kwanso mai hawa biyu, kuma ya rage wahala. Amma a ganina babban ci gaban ba na kayan aiki ba ne. Ya zo ne da mutane irin su Kanar E. H. Harrison, wanda ya yi ta gwaji yana rubutawa a mujallar American Rifleman, har aka daina dogara da lambar da ke jikin bindiga aka koma auna maƙogwaron kowace ɗaya. Yau ana zuba ƙarfen Cerrosafe, wanda ke narkewa tun ruwa bai tafasa ba, a ciro siffar mazaunin a auna. Ko a haɗa harsashi marar albarushi, a shafa masa baƙin hayaƙin kyandir, a tura a hankali. Inda baƙin ya goge, nan ne matsin.

Yayin fentin gari da ake gasawa a jikin ƙwaya ya dawo da tsohuwar cijewar, saboda fentin yana ƙara wa hanci kauri. Sababbin shiga sukan so su danne sakata da tafin hannu. Wannan nake roƙo a bari: wuyan da bai sami sararin buɗewa ya saki ƙwaya ba yana iya tayar da matsin wuta fiye da ƙarfin bindigar, kuma fuskar mai harbi tana dab da sakatar.